An ce fuskata ba ta talabijin ba ce

Assalamu alaikum iyayena masu wannan fili. Ni budurwa ce mai shekara 25, a unguwar Garin Malam nake a nan Damagaram. Na yi karatun jarida a Yamai, na dawo gida, yau shekara biyu ina karanta labarai da Hausa a wani gidan rediyo. Kwanakin baya wani gidan talabijin ya nemi mai gabatar da labarai, muka je gwaji mu bakwai. Na sa farin hijabi da shaddata mai sitati, aka zaunar da ni gaban kyamara na karanta. Da aka nuna mini hoton, ni kaina ban gane kaina ba: fuska baƙi ƙirin, ido da haƙora kawai ake gani, goshi sai ƙyalli. Mai zaɓen ya ce karatuna ya fi na kowa, amma fuskata ba ta talabijin ba ce. Wai na yi duhu, ina da jiki, ga zanen gado a kumatu. Suka ɗauki wata fara siririya da ke tuntuɓe a kowane layi. Ƙawata ta kawo mini man ƙara haske, sati biyu ke nan ina shafawa a ɓoye. Shi kuma mutumin yanzu saƙo yake aiko mini, wai in same shi bayan isha'i mu ga yadda zai taimake ni. In haƙura da talabijin in tsaya rediyo? Ko in ci gaba da man?

Wa alaikumus salam ƴarmu. Man nan ki ajiye shi tun yau, za mu dawo kansa.

Ba za mu ruɗe ki da cewa ana yi wa mata adalci a wannan sana'a ba. Ba a yi, kuma ba a Nijar kaɗai ba. A 1981 wani gidan talabijin na Kansas City a Amurka ya sauke Christine Craft daga kujerar labarai, ta kai ƙara cewa an ce mata ta tsufa kuma ba ta da kyau. Sau biyu masu taya alƙali shari'a suna ba ta gaskiya, daga baya aka soke hukuncin. A 2011 Miriam O'Reilly ta yi nasara a kan BBC saboda an cire ta daga shiri don shekarunta. A Ostireliya kuwa, mai gabatar da shirin talabijin Karl Stefanovic ya bayyana a 2014 cewa ya shekara yana fitowa da shuɗiyar kwat guda, ba mai kallon da ya lura, alhali abokiyar aikinsa kullum sai an tanka wa suturarta. Namiji na furfura a kan kujerar labarai a ce ya ƙware, mace ta yi furfura a fara nema mata magajiya. Zafin da kika ji yana da dalili.

Amma a maganar mutumin nan akwai abu biyu da ya cakuɗa. Ɗaya son zuciyarsa ne, wannan ba ki da maganinsa. Ɗayan kuskuren aiki ne, kuma yana gyaruwa cikin sati guda ba tare da kin taɓa fatarki ba. Hoton da kika gani ranar ba fuskarki ba ce, farin hijabi ne da kyamarar da ba a saita ba.

Ido yana iya ganin farin yadi da baƙar fata lokaci guda, kowanne da kamanninsa. Kyamara ba ta iyawa. In an bar ta a otomatik, hasken duk abin da ke gabanta take aunawa ta nemi tsaka-tsaki. Farin hijabi ya cika rabin hoton, sai ta ɗauka haske ya yi yawa, ta tsuke ƙofar da haske ke shiga, wadda masu kyamara ke kira diyafram. Hijabin ya fito tas, fuska ta nutse. Wadda aka ɗauka ta tsira ne don hasken fatarta bai yi nisa da na yadinta ba, ba don kyamara ta fi son ta ba. Matsalar tsohuwa ce: tun zamanin fim kamfanin Kodak ya daɗe yana daidaita launin hotuna da hoton farar mace, masu duhun fata suna fitowa kamar inuwa. Gidan talabijin da ke aiki a ƙasar baƙar fata, in ya kasa haska baƙar fuska, gazawar tasa ce.

Gani ya kori ji, don haka ki gwada da wayarki. Da misalin ƙarfe 8 na safe ki zauna cikin zaure ko inuwar ɗaki, fuskarki na kallon ƙofa, kada ƙofar ta kasance bayanki. Ki goge gilashin kyamarar baya, ki ɗora wayar a kan abu tsayayye daidai tsayin idonki, nisan mita ɗaya da rabi zuwa biyu. Kusa da haka yana kumbura hanci da kumatu, ƙasa da ido kuma yana ƙara haɓa da wuya. Ƙanwarki ta danna yatsa a kan fuskarki a allon ta riƙe har wayar ta kulle haske a wurin. Ki karanta labari ɗaya na daƙiƙa 30 sau uku: da farin hijabi, da baƙi, sannan da mai launi tsaka-tsaki, kamar ruwan hanta, ruwan goro, ruwan zuma ko shuɗi mai ɗan duhu. Baƙin zai haɗe da gefen fuskarki ya shafe iyakarta. Na ukun shi ne zai nuna miki kanki. Daga nan ki ɗauko farin kwali ki ajiye a kan cinyarki, ki ɗan karkata shi sama, ki sake ɗauka. Za ki ga inuwar ƙarƙashin ido da ta haɓa ta washe.

A situdiyo fitila uku ake kafa wa mai labarai. Babba a gaba ta gefe guda, kimanin digiri 45, sama kaɗan da ido. Ƙarama a ɗaya gefen, mai kamar rabin ƙarfin babbar, don ta cike inuwa. Ta uku a baya daga sama, ita ke raba kai da kafaɗa daga bango, kuma mai duhun fata da ke sa mayafi ta fi kowa buƙatarta. Baƙar fata haske mai faɗi da laushi take so, wanda aka tace da farin ƙyalle ko takardar tacewa. Ƙaramar fitila mai kaifi ita ke yin tabon ƙyalli a goshi ta bar sauran fuska a duhu. Ran da kika sake zuwa gwaji ki isa da rabin awa kafin lokaci, ki gaida mai kyamara da sunansa, ki ce: “Malam, don Allah a auna hasken a kan fuskata, kada a bar ta a otomatik.” Wanda ya san aikinsa zai ji daɗin tambayar, zai kuma gane cewa kin san abin da kika zo yi.

Yanzu man. Yawancin waɗannan mayuka ɗayan uku ne ke cikinsu, wani lokaci duka: haidurokinon, ko maganin kumburi mai ƙarfi na dangin kotizon irin su kulobetasol, ko sinadarin makuri. Kwalbar da aka haɗa a gida ko aka juye a roba ba ma ta faɗin abin da ke ciki. Haidurokinon in an daɗe ana shafawa yana haifar da tabo baƙi mai shuɗi-shuɗi a kan ƙashin kumatu, wanda da wuya ya fita, kuma rana ke ƙara shi. Kin san ranar Damagaram a watan Afrilu da Mayu, zafi na haura digiri 40. Kotizon yana sirantar da fata har jijiyoyi su bayyana, ya kawo ƙuraje, makero da nankarwa, rauni ya ƙi warkewa da wuri, in ya ratsa jiki kuma yana iya tayar da hawan jini da ciwon suga. Makuri ƙoda yake lalatawa, yana kuma cutar da ɗan da ke ciki. Ko ta fuskar aikin ma asara ce. Kyamarorin yanzu ba sa ɓoye komai, hannun mai labarai a kan tebur yake, ga fuska ja ga gaɓoɓin yatsu baƙi. Fatar da ta sirance ba ta riƙe hoda, zufa take yi tana raɗaɗi a ƙarƙashin fitila, launinta na sauyawa sati zuwa sati. Baƙar fata mai launi ɗaya ta fi irin wannan sauƙin haskawa nesa ba kusa ba. Sati biyu bai yi nisa ba, in sha Allahu. Ki ɗauki kwalbar ki nuna wa likita a babban asibitin ƙasa na Zinder, ko ma'aikacin farmasi mai takarda. In fuskar ta yi ja, ta yi ƙaiƙayi ko ta feso da ƙuraje bayan kin daina, kada ki koma wa man don ya lafa, haka kotizon ke kama mutum. Likita za ki koma wa.

Ƙyallin goshi ba launi ba ne, maiƙo ne. Man kaɗe da dare ake shafa shi, musamman da hunturu lokacin da fata da leɓe ke tsagewa, ba da safen ranar ɗauka ba. Ranar aiki ki wanke fuska, ki shafa mai marar nauyi kaɗan, ki jira minti 15 zuwa 20 ya shige. Fandeshan, wato abin shafawa mai launin fata da ake sawa kafin hoda, ki gwada shi a kan muƙamuƙi a hasken rana kafin ki saya. Wanda ya ɓace a fatarki shi ne naki. Wanda ya fi ki haske ko da kaɗan ne zai mai da fuskar ruwan toka a kyamara, wuya da hannu su tona asiri. Hoda marar ƙyalƙyali a goshi, karan hanci da haɓa. In zufa ta karyo, ki danna da tishu, kada ki goga, sannan ki ƙara hoda. Jan baki marar sheƙi, kwalli siriri. Gashin ido na kanti mai tsawo yana jefa inuwa a ido, kuma ido ne abin da mai kallo ke riƙewa.

Zanen kumatu kada ki cusa masa fandeshan. Yana taruwa a cikin tsagar, ya bushe, ya fashe da zarar kin fara magana, sai zanen ya fi fitowa. Hasken da ya zo daga gefe shi ke zurfafa shi, wanda ya zo daga gaba da laushi kuwa kwantar da shi yake. A ganinmu ma ba abin ɓoyewa ba ne. Masu kallonki a Mirriya, Magariya, Matamaye da Tanut iyayensu da kakanninsu na ɗauke da irinsa, ba baƙon abu za su gani ba.

Batun jiki gajere ne, don daga ƙirji zuwa sama ake ɗaukar mai labarai. Abin da ya ƙara miki faɗi ranar shaddar ce. Shadda mai sitati tana tashi a kafaɗa, tana walƙiya a fitila, tana kuma ƙara a makirufo duk motsin da kika yi. Ki kai wa tela yadi mai laushi marar sheƙi, ya zauna daidai kafaɗa. Ki zauna a gaban kujera ba jingine ba, ki ja bayan rigar ki zauna a kansa don kada wuya ya tattare. Atamfa mai manyan zane tana yi, amma mai ƙananan layuka ko ɗigo-ɗigo a matse rawa take yi a allo kamar ruwa, don zanen yana karo da ƙwayoyin hoton kyamara. Leshi mai duwatsu yana harba haske. Kore kuma ki tambaya tukuna: in bangon situdiyon kore ne da ake ɗora hoto a kansa, duk abin da ke kore a jikinki ɓacewa zai yi.

Hijabi ko mayafi ba cikas ba ne. A Masar sai a Satumban 2012 Fatma Nabil ta zama mace ta farko da ta karanta labarai da lulluɓi a talabijin ɗin gwamnati, mu a nan ba mu da wannan yaƙin. Sai dai a kafe shi da fil ta gefe biyu don kada hannu ya riƙa zuwa gyara, a kuma ja shi baya kaɗan daga gira don kada ya yi wa ido rumfa. Ƙaramin makirufo a waje ake maƙala shi, tsakiyar ƙirji, kimanin taƙi ɗaya ƙasa da haɓa, wayarsa ta bi ta cikin riga. In ya shiga ƙarƙashin mayafi murya za ta dushe, yadi ya yi ta gogarsa. Awarwaro ki cire, suna bugun tebur.

Duk wannan don abu guda ake yinsa: kada wani abu a jikinki ya janye hankalin mai kallo daga labarin. Abin da ke riƙe kujera kuwa karatu ne da rubutu, kuma a nan kin riga su. Sai dai rediyo na koya wa mutum ɗabi'un da kyamara ba ta yafewa: sunkuyar da kai, kaɗa kai da amon jimla, ɗaga kafaɗa wajen jan numfashi, lasar yatsa a juya takarda. Ba kowane gida ke da na'urar da ke nuna rubutu a gaban kyamara ba, ko akwai ma wuta na ɗaukewa, don haka ki koyi karatu daga takarda. A buga da manyan baƙaƙe, lamba 16 ko 18, da tazara tsakanin layuka, kowane labari a shafinsa, ba a haɗa da fil. Babban yatsa na bin layi a gefe. Farkon jimla da ƙarshenta idonki na cikin kyamara, tsakiyarta kawai za ki saci kallon takarda. Kullum minti 20, ki ɗauka, ki kalla sau ɗaya ba sauti don ki ga jikinki, sau ɗaya ki saurara ba hoto. Ki ƙirga kalma nawa kike karantawa a minti ɗaya ba gaggawa, ki riƙe adadin. Ran da aka ce miki saura daƙiƙa 20, za ki san layi nawa za ki zubar.

Hausarki jari ce. Kundin sake gina ƙasa da gwamnatin Nijar ta ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Télé Sahel, talabijin ɗin gwamnati, ta daɗe tana ba da labarai cikin harsunan gida, kuma mai iya ɗaukar sanarwar Faransanci ta mai da ita Hausar da tsohuwa a unguwar Birni za ta gane ba tare da ta tambayi jikanta ba, ba a samun ta a ko'ina. A nan ake gane gwana. Rubutunmu ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, “fari” na launi da “fari” na rashin ruwa iri ɗaya ake rubuta su, haka “gari” na birni da “gari” na tuwo, sai ki sa wa irin waɗannan alama da biro kafin ki shiga. Kuɗi ma tarko ne: takarda ta ce sefa 500, kasuwa ta ce ɗari, ta ce 25.000, kasuwa ta ce jika ashirin da biyar. Ki juya lissafin tun a teburin rubutu, kada ki bari sai fitila ta kunnu. In kina jin Barebari ko Fulatanci, ki rubuta shi a layin farko na takardar neman aikinki. Mariama Keïta, mace ta farko ƴar jarida a Nijar, wadda ta rasu a 2018, ta gidan rediyon ƙasa ta yi suna. Rediyo ba wurin da ake komawa don an rasa ba ne, kada ki sake shi kafin ki kama wani.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin wani gwajin ya taso ki haɗa bidiyon minti uku: minti ɗaya kina karanta labarai uku a zaune, minti ɗaya da rabi rahoton da ke kanki kika rubuta kika haɗa, sauran kina tsaye a waje kina magana da ka. Ki je kasuwar Dole ki yi rahoto kan farashin tiyar hatsi, ki nemi izinin shugabannin kasuwar da na duk wanda za ki ɗauka. Ki fita kafin ƙarfe 9 ko bayan la'asar, don ranar tsaka tana mai da ido rami. Makirufon waya na maƙalawa ya fi miki sabon leshi amfani, mutane na haƙuri da hoto mai rauni amma ba sa haƙuri da sauti marar kyau. Ki aika wa gidaje da dama, na nan da na Yamai, har da masu neman wakiliya a jihar Damagaram. Mai iya nemo labari, ta rubuta, ta ɗauka, ta yi montaj, wato ta haɗa hoto da sauti, cire ta na da wuya, don in ta tafi aikin mutum uku ya tafi. Wadda aka ɗauka don fuska kaɗai, ran da wata fuskar ta zo shi ke nan. Kuma kada ki riƙe yarinyar nan a zuci, ita ma a hannun wannan mutumin take.

Gayyatar bayan isha'i ba taimako ba ce. Wanda ya fara karya miki gwiwa da maganar fuska, sannan ya buɗe miki ƙofar dare, ya san abin da yake yi: so yake ki ji ba ki cancanta ba, don ki ɗauki aikin a matsayin alfarma da ake biya. Kada ki je, ko da rakiya. Ki amsa masa a rubuce sau ɗaya: “Na gode Malam. In maganar aiki ce, zan zo ofis da safe a ranar aiki, a sanar da ni lokaci.” Kada ki ƙara komai, kada ki shiga raha, in ya kira kada ki ɗauka, ya rubuto. Saƙonninsa kada ki goge ko ɗaya. Ki ɗauki hotonsu yadda lamba da kwanan wata za su fito, ki tura wa wayar wani babba da kika amince da shi a gida, uwa ko yaya, ki kuma gaya masa abin da ake ciki tun yanzu, kafin wani ya riga ki kai labarin a karkace.

Doka na bayanki. Dokar ƙwadago ta 2012 ta hana mai ɗaukar aiki nuna bambanci saboda jinsi, shekaru ko launin fata, ta kuma hana matsa wa mutum don neman lalata a wurin aiki. Dokar hukunta laifuka ma tun gyaran 2003 ta sa wannan cikin laifuka, hukuncin kuma ya fi nauyi in mai yin ya fake da muƙaminsa. Maganar launi da baki ya faɗa, tabbatar da ita na da wuya sai in wani cikin waɗanda kuka yi gwajin tare ya ji kuma zai tsaya shaida, don haka ki rubuta ranar, wurin, da waɗanda ke ɗakin tun ba ki manta ba. Saƙonnin kuwa hujja ce a hannu. In ya ci gaba bayan amsarki, ko ya fara barazanar ɓata miki suna a sauran gidaje, ki kai kwafinsu ga shugaban gidan a rubuce, ki karɓi shaidar an amsa, sannan ki nufi ofishin sufeton aiki na Zinder. Ki kuma nemi ƙungiyar mata ma'aikatan watsa labarai ta APAC-Niger ki shiga, don ran da za ki shiga ofishin nan ki kasance da wata babbar ƴar jarida a gefenki.